Kwano a Kife

A Hufuf nake wankin dutse.
Kada ka yi dariya, shekara goma sha tara ke nan:
sandunan da aka zaro daga cikin ƙasa,
kowanne kaurin taɓarya,
in wanke, in jera a akwati,
in rubuta zurfinsa da jan alli.

Ran nan Injiniya Mishari ya tarar ina shinshina ɗaya.
Ya ce, "Ukasha, me ka ji?"
Na ce, "Warin kwalta, da wani abu kamar bakin kogi."
Ya ce, "Teku ka ji.
A nan ta kwanta kafin a yi dabino,
kafin a yi mai hawansa.
Halittun da ido ba ya gani suka mutu a cikinta,
laka ta binne su, zafi ya dafa su a hankali,
girkin da babu mai ɗaga murfinsa,
har suka zama mai."

Na ce, "To me ya tara shi wuri guda?"

Sai ya ɗauki kwanon da nake cin shinkafa,
ya kife shi a kan tebur.
"Mai ba ya yarda ya zauna ƙarƙashin ruwa.
Tasowa yake yi,
yana bin ƙofofin dutse masu kamar hudar allura,
tafiyar da ko hawainiya za ta yi wa gori.
Inda ƙasa ta yi doro,
bisa doron kuma aka shimfiɗa dutse marar ƙofa,
ɗan'uwan gishiri,
nan tafiyarsa ke ƙarewa.
Iska a sama, mai a tsakiya, ruwa a ƙasa.
Tarko muke ce masa.
Inda babu murfi, tsiyayewa yake, rana ta shanye,
ba wanda zai san ya taɓa wucewa."

Ya tafi. Ya bar ni da kwanon.

Kakana Barau da ƙafa ya baro Haɗeja.
Su goma sha ɗaya ne.
Ya tsinci audugar wasu a Jazira damina huɗu,
ya haye ruwa daga Sawakin a jirgin da ke yoyo,
kullum cewa yake, da an sauko Arfa zai juya.
Bashin mai rumfa ya fara riƙe shi.
Sai kakata.
Sai wani ɗan kabari, tsawon kamu biyu,
da ya kasa juya wa baya.
Sauran goman fa?
Ba wasiƙa, ba labari, ko sunayensu biyu kawai muka riƙe.

Mu da murfi ya tare, ga mu nan,
mun taru a layi uku bayan kasuwar dabino,
muna tuƙa tuwo da garin kanti,
muna ajiye kuka a gwangwanin madara.

Kakata takan ce, a garinsu
mata kan kife ƙwarya bisa ruwa su kaɗa,
iskar da ta rasa mafita ita ke ba da amo.
Ban gane ba sai yau.

Amma na ga abin da ake yi wa doron ƙasa.
Na ga ƙarfen da ke huda murfi,
abin da ya yi zamanai yana taruwa
ya bi bututu zuwa Ras Tanura cikin kwanaki.
Jiya na ce wa 'yata Rumaisa, "Miƙo mini ludayi."
Ta tsaya tana kallona.
Uwarta ta maimaita da Larabci, ta miƙo.

An kira azahar.
Na juya kwanon, na zuba shinkafata.
Akwai saura akwati shida,
dutsen ƙafa dubu bakwai yana jiƙe a baho,
yana fitar da ɗan baƙin gumi
da ke tasowa saman ruwa.